Gefen Fuskar Inna

Ban taɓa jin Inna ta kira sunan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuma a wani ƙauye na ƙasar Katsina ta tashi, inda uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Aure ne ya kawo ta Makera a nan Kaduna, lokacin da mahaifinmu yake aiki a masaƙa, amma ta taho da kunyarta a ƙulle, ba ta kwance ta ba har ta koma ga Allah. In za ta ambaci Yaya sai ta ce "wancan". In ranta ya yi fari ta ce "yayanki". Ni kuwa auta ce, a cinyarta na girma, sunana ta kira shi har ya kusa ƙarewa, yawanci da faɗa.

Da aka yaye Yaya, kakarmu ta zo ta tafi da shi ƙauye, bai dawo ba sai da zai shiga sakandare. Ya dawo cikin unguwar da kowa ke gani da idonsa yadda wasu iyaye ke yi. Abokinsa na kurkusa ɗan maƙwabtanmu ne, mutanen Kudancin Kaduna, uwarsa ko a bakin famfo ta gan shi sai ta rungume shi tana kiran sunansa har layi ya ji. Yaya ya shigo gida da kyautar da ya ciyo a makaranta, ya durƙusa ya ajiye a gaban Inna, ta ce "To, madalla," idonta na kan tukunya. Da ya fita sai ta ɗauki kyautar ta goge da bakin zane ta sa a ƙasan akwatinta. Wannan ni nake gani, shi ba ya gani.

Na sha yi mata tsiya a kan haka. Ni Allah bai ba ni haƙuri ba, bakina kuma ba ya riƙe magana. Ina ce mata, "Inna, wannan kunyar taku ta zamanin da ai cuta ce. Ɗanki ne fa, ba surukinki ba." Sai ta ce, "Ke dai ba ki da ta ido, tashi ki ba ni wuri."

Bayan rasuwar mahaifinmu Yaya ya yi tuƙi a wani kamfani a Kudenda, aikin ya zo ya tsaya, ya samu hanya ya tafi wata ƙasar Larabawa, can ma tuƙin. Ranar da zai tafi Inna na tsintar shinkafa a faifai. Ya durƙusa, ta ce "Allah ya tsare, Allah ya yi albarka," ba ta ɗago ba. Na raka shi bakin titi, ya ce mini, "Ke ce 'yarta. Ni baƙo ne da aka ba ta ajiya." Da na dawo na tarar da ita a wurin, faifan na hannunta. Har azahar tana tsintar shinkafar da babu sauran tsakuwa a ciki.

Shekaru suka tura. Kwantiragin ya ƙare ya sabunta, ya ƙare ya sabunta, kullum zuwan sai baɗi. Ana nan ciwon suga da Inna ta daɗe tana fama da shi ya sauka a idonta. Likita ya faɗa mini a waje, ba a gabanta ba, cewa za a yi ƙoƙarin rage masa gudu, amma idon tafiya yake yi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Yaya ya san idon na damunta, bai san ya kai haka ba, don duk sanda ya tambaya sai ta ce, "Da sauƙi, sai godiya."

Da farko ta wayata yake kira mu ga juna. Ya aiko da laftof ta hannun wani da ya dawo hutu, wai allonta ya fi girma. Duk ranar Juma'a bayan la'asar, ranar hutunsa, na buɗe na ajiye a gaban Inna, ita kuma ta zauna a karkace kamar yadda ta saba, su gaisa, ta sa masa albarka. Wata Juma'a bayan ya kashe ta ce mini, "Wancan ramewa ya yi? Na ji muryarsa kamar ta wanda ya rame."

Na ce, "Ai yana gabanki, da kin duba."

Ta ce, "Na saci kallo. Dishi-dishi kawai nake gani."

Wannan ne karo na farko da ta yarda a gabana cewa tana satar kallonsa, kuma ta yarda ne a lokacin da satar ta daina biya. Na kwana da maganar a raina. Idon na tafiya, shi kuma ba shi da ranar zuwa.

Ina aiki a wani shagon buga takardu kusa da kasuwar Kakuri. Mai shagon yana jona laftof ɗinsa da wata babbar monita, duk abin da ke ƙaramin allo ya fito a babba. Kullum ina gani ban taɓa kawo komai a raina ba sai ranar. Na tashi aiki na hau keke mai ƙafa uku zuwa Narayi wajen mutumin da ke gyara mana na'urori, wani mai surutu da ba ya gajiya da tsokanata. Na faɗa masa abin da nake so. Ya kakkaɓo wata monita mai faɗi daga ƙarƙashin tebur, tsohuwa amma lafiyarta lau. Ya juya bayanta, ya juya gefen laftof, ya yi dariya.

Ya ce, "Madam, laftof ɗinki 'yar gayu ce, monitan nan kuma dattijuwa. Dem no dey hear each other. Sai an sa musu tafinta."

Ya nuna mini. Wayar monitar ƙaton kai gare ta, shuɗi, da ƙananan allurai a ciki da kusoshi biyu na murɗawa. Laftof kuwa babu ramin da zai ɗauki wannan kan, sai wani siriri mai faɗin baki. Tafintan shi ne adafta, wani ɗan farin abu kamar kwalin ashana mai guntun jela, gefe ɗaya ya karɓi shuɗin kai, ɗayan ya shiga laftof. Da zan tafi ya ce, "Amma ki sani, hoto kawai ke bin wannan waya. Voice go remain for laptop, murya a laftof za ta tsaya." Na ce na ji. Ban ɗauki maganar a bakin komai ba.

Na rungumo monitar a cinya cikin keke har Makera, yara na bina a layi suna cewa an sayo talabijin. A ɗakin Inna soket ɗaya ne, a bangon taga. Na ɗora monitar a kan ɗan teburinta, babu sauran wuri, wayar kuma gajera ce, sai na ajiye laftof a kan akwatin ƙarfenta ta hannun hagu, na karkato ta tana fuskantar wurin zama. Na jona, na kunna. Allo baƙi ƙirin, sai ɗan rubutun Turanci yana yawo yana cewa babu sigina. Na zare na mayar, na hura ramin kamar mai hura wuta, na tsine wa adafta, na tsine wa wanda ya ƙera ta. Ashe kusoshin ne ban murɗa ba, kan ya ɗan saki. Da na murɗa allon ya kawo haske, amma hoton tsaunuka ne kawai, babu komai a kai. In na ja kibiya zuwa gefen ƙaramin allo sai ta ɓace, ta ɓullo a babba.

Inna na zaune tana jin tsakina. Ta ce, "Kin kwaso mana talabijin mara labarai."

Na ce, "Inna, don Allah ki bar ni da abin da ke damuna."

Na kira mai gyara. Ya ce laftof ta ɗauki monitar a matsayin ƙarin fili ne, kamar an buɗe ƙofa zuwa ɗaki na biyu. In danna maɓalli mai hoton taga tare da harafin P, in zaɓi wanda ke sa allon biyu su nuna abu ɗaya. Na yi. Nan take komai ya fito a babba, ɓaro-ɓaro.

Na buɗe kyamara don in gwada. Ɗakinmu ya cika monitar, ga Inna a tsakiya. Ta matso da kujerarta, ta ƙura ido. Ta gani. Na san ta gani don ta kai hannu ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Sai ta ce, "To me ya sa ina kallon gaba amma kunnena nake gani?"

Na nuna mata ɗan ɗigon da ke saman laftof. Na ce, "Wannan shi ne idon. Ta nan Yaya yake ganinki. Tunda tana gefe, gefenki take ɗauka."

"Wannan babbar fa?"

"Ita ba ta da ido. Nunawa kawai take yi."

"Makauniya ce ke nan."

"Makauniya ce. Gobe zan nemo waya mai tsawo in dawo da ƙaramar gabanki."

Ta kalli wajen ɗigon, ta mayar da ido kan babbar.

Ban faɗa wa Yaya zancen monita ba, so nake in ba shi mamaki. Ranar Juma'a ya kira, fuskarsa ta fito ta cika allon, ta fi girmanta na gaske. Na buɗe baki zan yi masa albishir, Inna ta damƙe gwiwata da ƙarfi. Na haɗiye maganar. Ta jawo kujerar har numfashinta na taɓa gilashin, ta ɗaga ido ta kalli ɗanta. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin ta kalle shi haka ba. Yana magana, muryarsa na fitowa daga hagu, daga kan akwati, ita kuwa ko waiwaye ba ta yi ba. Tana amsawa da "to" da "madalla" kamar kullum, idonta na bin goshinsa, girarsa, bakinsa, a hankali kamar mai karatun allo.

Da ya kashe ta daɗe a zaune. Sai ta taɓa gefen kanta ta ce, "Ya yi furfura a nan." Can kuma ta ce, "Tabon da ke girarsa, faɗuwar da ya yi daga kan jaki a ƙauye ne. An aiko mini da labari. Ban san ya kai girman haka ba." Na juya baya ina naɗe wayar caji don kada ta ga hawayena.

Ta ce, "Kar ki sayo wata waya. Bar ƙaramar inda take. Kuma kar ki faɗa wa wancan."

Daga nan Juma'a ta zama sallar Inna. Tun azahar ta yi wanka, ta sa kwalli a idon da likita ya hana sa wa kwalli, ta zauna. In babu wuta, matar da ba ta iya roƙon gishiri a maƙwabta sai ta ce in je in roƙi mai shagon ƙofar gida ya jona mana janaretansa. Ta san rigunansa duka. Ta san ranar da bai yi aski ba. Wata rana na ga ta ɗora yatsa a kan gilashin, daidai kuncinsa, tana ce masa ya riƙa cin abinci.

Shi kuwa gefen fuska yake gani, da haske yana wasa a kai. Ya kira ni a wayata ya ce, "Talabijin kuka saya?" Na ce wani abu mai kama da haka. Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Da can bango take kallo in ina magana. Yanzu an samu ci gaba." Sannan ya ce, "Sati guda nake jiran ranar nan. Ko sau ɗaya ta juyo."

Ranar na shiga ɗakin da wuta. Na ce, "Inna, alhakin Yaya zai kama mu. Yana can yana tuƙa mutane cikin zafin da ke narka kwalta, yana zaton ke talabijin kike kallo. Ko ki bar ni in faɗa masa, ko in kwashe monitar in mayar Narayi."

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "In ya san ina kallonsa, idona ba zai ɗagu ba. Ba yin kaina ba ne, haka aka gina ni. Ke kika je wajen likita, kin fi ni sanin abin da ya rage. Ki bar ni in gan shi."

In na faɗa, na ƙwace mata shi. In na yi shiru, na bar shi da ciwonsa. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma wanda ya faɗi haka bai riƙe irin wannan ba. Na yi shiru, ina cewa a raina ai zai zo, in ya zo sai ya gani da idonsa.

Idon ya ci gaba da tafiya. Na ƙara hasken monitar har ƙarshe. Na riƙa rufe labule don fuskarsa ta fi fitowa. Na ce masa ya riƙa matsowa kusa da wayarsa, wai sadarwa ce ba kyau. Inna ta daina zancen furfura da tabo, sai ta ce, "Yau fara ya sa ko?" Wani lokaci ta dace, wani lokaci in ce eh kawai.

Wata Juma'a a farkon damina, an yi ruwa da rana, ɗakin na ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta yi wanka, ta zauna a wurinta. Ya kira, fuskarsa ta cika allon, ya yi sallama. Sai Inna ta juya kanta hagu, wajen akwati, inda muryar ke fitowa. Idonta a buɗe, daidai ɗigon nan. Yaya yana cikin tambayar jiki ya tsaya.

Ya ce, "Inna?"

Ta ce, "Na'am."

Ya sake cewa, "Inna." Ƙato da shi, da furfurarsa, ya sa tafin hannu yana share fuska yana dariya. Ita kuma tana fuskantarsa tana cewa, "Mene ne? Mura kake yi?" Ni ina tsaye a bayanta ina kallon babban allo, fuskarsa cike da shi, babu mai kallonta sai ni.

Da ya kashe na zagayo na kaɗa hannu a gaban fuskarta. Ta ce, "Daina yi mini fifita, na san abin da kike yi. Tun shekaranjiya fitilar ta mutu." Na zauna a ƙasa na sa kaina a cinyarta na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifinmu. Wayata na ta ƙara a gefe, saƙon Yaya ne: yau Inna ta kalle ni. Ta shafa kaina ta ce, "Wannan ma kar ki faɗa masa. Zai ajiye aikinsa ya taho, ba abin da zai tarar."

Sauran Juma'o'in haka suka kasance. Ina kunna monitar duk da haka, don ita ta ce a kunna. Tana juyowa wajen murya, shi yana ta zuba labari kamar yaro, ya nuna mata ɗakinsa, ya nuna mata motar da yake ja, ya ce, "Kin gani?" ta ce, "Madalla." Bai taɓa yin farin ciki irin na makonnin nan ba, ni kuma ban taɓa tsanar wata rana kamar yadda na tsani Juma'a ba. Kafin damina ta fita ciwon ya kwantar da ita, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa. An kai ta kafin azahar. Yaya bai samu izinin tahowa ba sai bayan an yi sadakar bakwai.

Da ya iso, mutane suka gama yi masa gaisuwa suka watse, ya shiga ɗakinta. Tun rasuwarta ban taɓa komai a ɗakin ba. Ya kalli monitar a kan tebur ya ce, "Talabijin ɗin ke nan." Ya zauna a bakin gado ya ce, "Na gode wa Allah dai. A ƙarshe ta kalle ni. Da ta tafi ba ta juyo ba, ban san yadda zan yi da raina ba."

Na yi mata alkawari ba zan faɗa ba, kuma ban faɗa ba. Na jawo kujerarta na ajiye inda ƙafafunta suka yi gurbi a leda. Na ce, "Yaya, zauna nan." Ya zauna. Na murɗa kusoshin shuɗin kan, na kunna laftof a kan akwati, na buɗe kyamara.

Ya fito a babban allo. Yana kallon gaba, amma kunnensa yake gani da gefen kuncinsa, da haske yana wasa a kai. Ya ɗaga hannu, na allon ya ɗaga. Ya waiwaya ya kalli laftof, ya dawo ya kalli monitar. Ya nemi eriya a bayanta bai samu ba, ya bi wayar da hannu tun daga monitar har adafta, har gefen laftof. A kan gilashin akwai sawun yatsu da man da take shafawa, a wuri ɗaya, sun taru sun yi duhu. Ban goge ba. Ya daɗe yana kallonsu.

Ya ce, "Duk lokacin nan?"

Na ɗaga masa kai.

Aka fara kiran la'asar a masallacin layinmu. Sannan ya juyo, a hankali, kamar mai tsoron amsar, ya ce, "To ranar da ta juyo fa?"

Na danna masa wani karatu da ke cikin laftof. Muryar ta fito daga kan akwati, ta hagu. Kansa ya juya can da kansa, kafin ya ankara.